Wutar da Ba Ta Kama Ba a Gaɓar Carolina

Itacen damina ba ya jin lallashi. An kwana ana ruwa, uwargida ta durƙusa gaban murhu ta jera ƙirare, ta cusa tsumma mai ɗan kananzir a ƙarƙashi, ta ƙyasta ashana. Abin da ke fara fitowa hayaƙi ne, fari, mai yaji, ya cika madafi ya malalo tsakar gida. Daga ɗaki sai surukarta ta ɗaga murya: "Wai wutar nan ta kama kuwa?" Ita kuma tana goge hawaye da gefen zane ta ce, "Da saura, Inna." Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, domin ita kanta ba ta sani ba. Wata rana hayaƙin zai yi ta tuƙa har ya gaji ya mutu, a sake sabon lale. Wata rana kuma tana juya baya ta ɗauko mafici za ta ji fuu, wuta ta tashi balbal tana lasar gindin tukunya.

A birnin Miami na jihar Florida akwai ofishin da ake biyan ma'aikatansa albashi don su amsa irin wannan tambaya. Cibiyar lura da guguwa ta Amurka ce, reshe na hukumar NOAA mai kula da teku da sararin sama. Lokacin guguwa a Tekun Atlantika yana farawa ranar 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, amma tun 15 ga Mayu suke fara fitar da taswira, sau huɗu a yini: ƙarfe biyu da ƙarfe takwas, safe da dare. A kan taswirar za ka ga alama a inda gajimare ya taru yana neman rikiɗewa. Rawaya na nufin damar ta zama guguwa ba ta kai kashi 40 cikin ɗari ba. Ruwan lemo, 40 zuwa 60. Ja, abin ya haura haka. Kowace alama tana da lissafi biyu, na kwana biyu da na kwana bakwai. Kafin 2023 kwana biyar suke tsayawa. Idan tarin gajimaren ya isa a sa masa ido sosai, sai a ba shi lamba tsakanin 90 da 99 da harafin L a ƙarshe, a fara tara masa bayanai shi kaɗai. Duk wannan kafin a ce akwai guguwa. Hayaƙi ake kallo.

Abin da ya sa wuta ta dace da wannan zance shi ne, guguwar teku ita ma ci take yi. Abincinta zafin ruwa. Sai saman teku ya kai ma'aunin zafi kusan 26.5, kuma ɗumin ya nutsa ƙasa mita hamsin ko makamancin haka, sannan ake cewa akwai itace a murhu. Tururi ya tashi daga ruwan, ya hau sama, ya yi sanyi ya zama ɗigon ruwa, kuma a daidai wannan sauyin yake sakin zafin da ya ɗauko. Zafin ya ƙara ɗaga iska sama, matsin iska ya ragu a ƙasa, sabuwar iska mai laima ta kwararo daga ko'ina don ta cike gurbi, ita ma ta hau. Duk wanda ya taɓa zama kusa da wutar da ta kankama ya san lokacin da ake ajiye mafici: ta fara jan iskarta da kanta, har kana jin tana huci. To wannan lokacin masana ke fako. Kafinsa, tarin hadarin yana rayuwa ne da taimakon wani abu daga waje. Bayansa, ya zama mai cin gashin kansa.

Sai dai itace mai kyau bai isa ba idan a warwatse yake. Bakin wuta uku, kowanne yana ci a gefensa, ba sa dafa komai. Sai an iza su sun haɗa kai a tsakiya. Haka tsawa da walƙiya za su yi ta tashi a faɗin ɗaruruwan kilomita na teku, wannan ya mutu wancan ya taso, babu cibiya. Sharaɗin masana shi ne iskar ƙasa ta rufe da'ira, tana juyawa saɓanin hannun agogo a kewayen wuri guda, kuma hadarin ya zauna a kan wurin ya daɗe. Juyawar duniya ce ke ba ta wannan murɗawar, shi ya sa da wuya guguwa ta ƙullu a kusa da layin da ya raba duniya biyu, inda murɗawar ba ta da ƙarfi.

Babban makashinta kuwa iska ce, abin mamaki. Idan iskar can sama, wajen kilomita goma sha biyu, tana gudu daban da ta ƙasa, ko ta nufi wani ɓangare daban, sai ta kwashe kan hadarin ta jefar gefe, ta bar cibiyar tsirara. Kowace mace ta san wannan: ƙaramar wuta a bakin ƙofa, iska ta kaɗo ta kwantar da harshenta gefe, zafi bai taru ba balle ƙirare su ci. Hurawar baki a hankali ke tashe ta, bugun iska kuma ya kashe ta. A wuri ɗaya kawai kwatancen ya juya baya: wuta laima ke kashe ta, guguwa kuwa bushewa. Iskar Sahara mai ƙura, idan ta tsallaka teku ta kutsa cikin hadari, shaƙe shi take yi.

A nan muna da hannu a lamarin, ko mun sani ko ba mu sani ba. Hadarin da ke taso mana daga gabas da damina, ya zubar a Maiduguri da Damagaram, ya wuce Kano da Maraɗi, ya nufi Sakkwato da Yamai, sau da yawa yana tafiya ne a kan wani lanƙwasar iska da ke ratsa yankin Sahel duk bayan kwana uku zuwa biyar. Kimanin sittin ake samu a shekara. Sukan faɗa teku ta gaɓar Senegal da Gini, yawancinsu su mace a hanya, kaɗan su kama. Amma daga cikin kaɗan ɗin ne mafi yawan manyan guguwowin Atlantika ke fitowa. Irin waɗannan suna da ladabi guda: suna ba da lokaci. Daga tsibiran Cape Verde zuwa Amurka tafiyar sama da mako ce, ana kallonsu tun daga nesa.

Wanda ke ƙulluwa a bakin gaɓa shi ne marar sallama. Yakan faro ne daga ragowar iskar sanyi da ta gangaro daga arewa, ta zo kan ruwan ɗumi ta tsaya cik, ko dai a mashigin tekun Meziko ko a kan rafin ruwan zafin nan da ke bin gaɓar gabashin Amurka daga Florida zuwa Carolina. Murhun yana jikin dangar gida. A Satumban 2007 wani tarin hadari a gaɓar Texas ya zama ƙaramar guguwa ranar 12, aka kira ta Humberto, kafin asubahin 13 ta zama cikakkiya ta hau tudu. A 2019 an raɗa wa Imelda suna ranar 17 ga Satumba, labarin bai gama zagaya gari ba ta riga ta shiga ƙasa ta wajen Freeport, ta kuma zubar da ruwan da ya haura milimita 1,000 a wasu wurare na kudu maso gabashin Texas. A da, dokar cibiyar ba ta yarda a fitar da gargaɗin guguwa ba sai guguwar ta tabbata, wanda a irin wannan hali ihu ne bayan hari. A 2017 aka gyara: idan abu bai ƙullu ba amma ana tsoron zai kawo iska mai ƙarfi kan mutane cikin sa'o'i 48, za a ba shi lamba a fara gargaɗi kamar ya riga ya zama. A 2025 aka tsawaita wa'adin zuwa sa'o'i 72.

Yaya ake sanin an rufe da'ira? Tauraron ɗan adam yana can sama da nisan kusan kilomita 36,000, yana aiko da hoto duk bayan 'yan mintuna. Hoto ne mai kyau, amma matsayinsa matsayin surukar da ke leƙe daga ƙofar ɗaki: saman gajimare yake gani. Tun shekarun 1970 wani masani, Vernon Dvorak, ya tsara hanyar ƙiyasta ƙarfin guguwa daga siffar gajimarenta, har yau ana amfani da ita. Akwai kuma taurarin Turai masu auna iskar saman teku ta hanyar duba yadda ruwa ya yamutse, sai dai ba kullum suke bi ta kan wurin da ake so ba. Idan abin ya matso kusa da mutane, dole wani ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin tukunya.

Masu wannan durƙuson matuƙa jirgin sama ne. Akwai rundunar sojan sama ta 53 da ke Biloxi a jihar Mississippi da jiragenta WC-130J, akwai kuma jiragen NOAA guda biyu ƙirar P-3 da ke tashi daga Lakeland a Florida. Idan guguwa ta girma, daga sama suke ratsa ta suna sakin wasu 'yan na'urori masu lema, suna auna zafi da laima da matsi da gudun iska har su faɗa ruwa. Amma idan abin bai ƙullu ba, ƙasa-ƙasa suke bi, 'yan ɗaruruwan mita a saman igiyar ruwa, jirgi yana girgiza, suna neman abu guda: iskar yamma. A wancan yanki iska daga gabas ta saba kaɗawa. Idan suka zagaya kudancin tarin hadarin suka tarar tana fitowa daga yamma, to ta zagayo ke nan, da'ira ta rufe, garwashi ya yi ja a tsakiya. Daga nan sai lissafi: ƙasa da kilomita 63 a sa'a, lamba kawai za a ba ta; ta kai 63, a ɗauko suna daga jerin hukumar yanayi ta duniya; ta kai 119, ta zama cikakkiyar mahaukaciyar guguwa.

A tsakiyar Satumban 2024 an yi irin wannan zaman jira a gaɓar Carolina, kuma shi ne labarin da ya fi tsaya mini a rai. Ragowar iskar sanyi ta kwanta a kan ruwan ɗumi, matsin iska ya fara sauka. Ranar Lahadi 15 ga wata cibiyar Miami ta ba abin lamba takwas a jerin shekarar, ta fitar da gargaɗi ga gaɓar Carolina ta Kudu da ta Arewa. Sunan da ke kan layi shi ne Helene, 'yan jarida har sun fara gwada shi a baki. Gudun iskar ya riga ya wuce kilomita 63. Jirage suka shiga suka fito, suka sake shiga. Abin da suka tarar shi ne cibiya mai tsawo, a baje, har yanzu tana manne da iyakar iskar sanyin da ta haife ta. Itace yana ci, amma bai haɗa kai ba. Ranar Litinin abin ya hau tudu a haka, ba suna, aka rufe littafinsa.

A wannan Litinin ɗin, garin Carolina Beach da ke kudu da Wilmington ya sha ruwan da ya haura inci 18, wato kusan milimita 460, cikin sa'o'i goma sha biyu. Kusan rabin abin da Kano ke samu a damina guda ke nan, tsakanin tsakar dare da azahar. Ofishin hasashen yanayi na Wilmington ya ce irin ruwan da ake sa ran gani sau ɗaya ne a shekara dubu. Motoci suka nutse a kan titi, aka riƙa kwashe mutane da manyan motoci masu dogayen ƙafafu, hanyoyi suka zabtare a gundumar Brunswick, garin Southport ya kusa yankewa daga sauran ƙasa. Wanda ruwa ya shiga ɗakinsa har gwiwa, me ya dame shi da ko cibiya ta yi da'ira ko ta yi tsawo? Uwargidan da hayaƙi ya turnuƙe ta, idonta ya yi ja, tari ya sarƙe ta, zanenta da labulen ɗaki suka ɗauki ƙauri, ba za a ce mata ba abin da ya faru ba don kawai wuta ba ta kama ba.

A nan nake ganin gurguwar fahimtar da ke tsakanin masana da jama'a. Kason da ake rubutawa a taswira amsa ce ga tambaya guda tak: shin wannan abu zai tsaru ya zama guguwa? Ba ya cewa komai game da yawan ruwan da zai zubar. Mai karatu kuwa yana ganin rawaya ya ce da sauƙi, ya ga ja gabansa ya faɗi, in aka ce ba a ba shi suna ba ya ce an tsira. Alhali binciken da cibiyar kanta ta yi kan mace-macen da guguwowi suka jawo kai tsaye a Amurka daga 1963 zuwa 2012 ya nuna kusan tara cikin goma ruwa ne ya ci su, ko tumbatsar teku ko ambaliyar ruwan sama ko igiya. Iskar da ake auna suna da ita ba ta kai ɗaya cikin goma ba. A Agustan 2016 wani hadari da bai taɓa samun suna ba ya zauna a kan kudancin Louisiana kwana da kwanaki, ya kashe mutum 13, ya shiga dubban gidaje a kewayen Baton Rouge. Mutanen wurin sun daɗe suna ƙorafin cewa ƙasar ba ta waiwaye su da wuri ba, kuma da yawa sun ɗora laifin a kan rashin sunan.

Ba na cikin masu cewa a yi watsi da sharuɗɗan. Masanin da ya ƙi raɗa suna don bai ga da'ira ba gaskiyarsa ce. In ya fara rabon suna saboda tsoron surutu, ƙididdigar shekaru sama da ɗari ta lalace, kuma ba a iya kwatanta bana da bara. Sunan ma yana da nauyin kuɗi: a jihohin gaɓa da dama, takardar inshorar gida tana da wani sashe da ke farkawa idan guguwa mai suna ce ta yi ɓarnar, mai gida ya ɗauki kaso mafi girma daga aljihunsa. Saboda haka ba wasa ba ne. Laifin da nake gani yana wajen masu isar da labari, waɗanda ke mayar da zaman jiran kamar gasar ƙwallo, za ta samu suna ko ba za ta samu ba, su bar sakin layi na uku na sanarwar inda aka rubuta yawan ruwan da ake tsammani. A sanarwar Carolina an yi gargaɗin ambaliya, duk da cewa ruwan da ya sauka a Carolina Beach ya zarce abin da aka yi hasashe nesa ba kusa ba. Hadari ne siriri ya tsaya a kan wuri guda yana ta juye kaya, kuma irin wannan har yau yana wuyar hangowa.

Na'urorin lissafi ma suna da nasu rabon a ruɗanin. Akwai na Amurka, akwai na Turai, kuma kowanne ba sau ɗaya ake gudanar da shi ba. Na Turai ana sake shi sau hamsin da ɗoriya, kowane karo a ɗan sauya bayanan farko kaɗan, a ga inda za su rabu. Idan arba'in suka nuna guguwa, masani ya gyara zama. Idan biyar ne, ya rubuta kaso kaɗan ya ci gaba da kallo. Amma a kafafen sada zumunta, wani zai tsamo mafi muni a cikin hamsin ɗin, na kwana goma sha huɗu masu zuwa, ya lafta shi da jan rubutu. Mutane su firgita, kwana ya zo ba komai, gobe in an yi gargaɗin gaske su ce an saba. Shi kuwa kashi 40 da ake yi wa dariya, ana cewa masana sun ƙi tsayawa a magana ɗaya, ma'anarsa a fili take: a cikin goma irin wannan, huɗu kan kama. "Da saura, Inna" ke nan da alƙaluma. Wadda ta ce "ta kama" don a bar ta ta huta, ita ce za a zo a tarar da tukunya da sanyi.

Sunan da Carolina ba ta karɓa ba bai daɗe a ajiye ba. Mako guda bayan haka wani tarin hadari ya taso a yammacin tekun Karebiyan, aka ba shi lamba tara tun bai ƙullu ba. Wannan karon komai ya haɗu: ruwa mai zafi har can ƙasa, iskar sama a kwance, laima ko'ina. Ranar 24 ga Satumba aka kira shi Helene. Daren 26 ta hau gaɓar Florida kusa da garin Perry da iska mai gudun kilomita 225 a sa'a, ta ratsa Georgia cikin dare, ta je ta sauke ruwanta a kan duwatsun yammacin Carolina ta Arewa, ɗaruruwan kilomita daga teku, inda mutanen Asheville da ƙauyukan kewaye ba su taɓa ɗaukar kansu a matsayin mutanen guguwa ba. Sama da mutum 200 suka rasu a jihohin da ta bi, kuma mafi yawan waɗanda suka mutu a duwatsun ruwa da zabtarewar ƙasa ne suka tafi da su.

A 2025 hukumar yanayi ta duniya ta cire Helene daga jerin sunaye, kamar yadda ake yi wa duk guguwar da ta yi mummunar ɓarna. Jeri shida ne ake juyawa, don haka na 2024 zai dawo a 2030, kuma Holly ce za ta zauna a gurbinta. Abin da ya nutsar da Carolina Beach kuwa babu sunan da za a cire masa. A kundin cibiyar Miami yana nan da lambarsa ta takwas, tsakanin Gordon da Helene.